Allurar da Aka Kawo Tsaraba daga Ikko

Ku da kuke zaune bayan kanta yanzu, fanka na kaɗa ku, hannu ɗaya kan waya ɗaya yana miƙa magani, kun ɗauka sana'ar kemis ke nan: a faɗi suna, ka miƙo kwali. Ɗaya daga cikinku ma ya ce mini kwanan baya wai ko makaho zai iya, in dai ya haddace inda aka jera kaya. Ban yi fushi ba. Dariya na yi, don ni ma haka na ɗauka ranar da mahaifina ya kai ni wurin Malam Dodo Disfensa a Ƙofar Taramniya ya ce ya koya mini aiki.

Malam Dodo ya yi aikin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, har ya gaji. Ya zaga ɗakunan shan magani na ƙauyuka a kan keke, kafin ya ajiye ya buɗe ɗan shagonsa. Aikin farko da ya ba ni shi ne dafa allura. Lokacin babu wannan sirinjin roba da kuke yagowa daga leda ku yi amfani da shi ku yar. Na gilas ne, 'yan kaɗan ne a shagon, lallaɓa su ake kamar ƙwai. Da safe in kunna risho, in ɗora ƙaramar tukunyar ƙarfe, in shimfiɗa ƙyalle a gindinta don kada gilas ya bugi ƙarfe ya tsage, in zare wa kowane sirinji sandarsa, in bar su su tafasa sosai. Allura kuma in ta dakushe ba a yarwa. Wasa ta ake a kan ɗan dutse, sannan ka ja bakinta a kan auduga. In ta kama zare, da saura. Malam Dodo ba ya duka, ba ya zagi. In ka kawo masa allurar da ke kama auduga, cewa kawai zai yi, "Miƙo damtsenka, mu hwara gwada ta gare ka." Sau ɗaya ya ishe ni darasi.

Daga nan na koyi yanka wuyan 'yar kwalbar allura da ɗan zarto ba tare da ɓarɓashin gilas ya faɗa ciki ba. Na koyi na'urar awon jini, wadda ke cikin dogon akwati, mai ruwan azurfa da ke hawa cikin bututu. Waɗannan duk na iya su da wuri. Abin da ya daɗe yana ba ni wuya shi ne sauraro.

Dattijon Sakkwato ba ya shigowa shago ya faɗi abin da ya kawo shi. Zai fake har shagon ya watse. Zai gaishe ka, ya tambayi mahaifinka, ya yi zancen ruwan bana da tsadar gero, ya sayi man zafin da ba ya bukata. Sai ya kai bakin ƙofa ya sa takalmi ɗaya, sannan ya juyo ya ce, af, akwai wani abokinsa da sanyi ya kama, ko basir ya hana shi sakat, ƙarfi ya ragu, ko akwai abin da za a taimaka masa da shi. Ranar da na fara jin irin wannan na kusa yin murmushi. Bayan mutumin ya fita Malam Dodo ya ce mini, "In dattijo yac ce abokinai, to abokinai na. Kak ka dube shi cikin ido. Kuma abin da anka hwaɗi cikin shagon ga, nan shika kwana, nan shika mutuwa."

Ya kuma koya mini wani abu da ban gane nauyinsa ba sai daga baya. Duk dattijon da ya kawo kukan raguwar ƙarfi, ko nasa ko na abokin nan da ba a taɓa gani ba, sai Malam Dodo ya nemi dabarar da zai ɗaura masa na'ura a hannu. Yakan ce jinin da ke zuwa ƙasa da wanda ke zuwa zuciya hanyarsu iri ɗaya ce, in ta fara toshewa a can, a duba nan. Da yawansu kuwa da maganin hawan jini da takardar zuwa asibiti suke fita, ba da abin da suka zo nema ba.

Na buɗe nawa shagon a Runjin Sambo lokacin da unguwar ke sabuwa, gidajen ma'aikata na ta tsirowa. Soja ke mulki, kuɗin mai sun shigo ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashin da ya ruɗa kowa. Masinja ya sayi babur, akawu ya sayi firij tun wuta ba ta iso layinsu ba. Magani ma ya zama abin ado. Kowa allura yake so, wai ƙwaya ba ta ratsa jiki. Ƙiba kuwa ita ce shaidar cewa kai ma arzikin ya biyo ta ƙofarka. Mutum lafiyarsa lau zai zo ya ce a ba shi maganin da zai sa wuyansa ya cika kwalar riga. In ka rame a shekarun nan, tausayinka ake ji ko da kana da gidaje a Gidan Dahala.

A ƙarshen wannan zamani ne, bayan soja sun miƙa wa farar hula mulki, aikin Alhaji Sahabi ya same ni, kuma shi nake so in ba ku labari.

Alhaji Sahabi dillalin fatar jar akuya ne, aminin marigayi mahaifina. Baba nake ce masa, ban taɓa zama kan kujera yana tsaye ba. Ya haura sittin a lokacin. Dogon mutum ne mai saurin tafiya, wanda a da yakan ɗaga ƙunshin fatu da hannu ɗaya ya faɗi nauyinsa kafin a ɗora kan sikeli. Matarsa ɗaya tun auren ƙuruciya, 'ya'yansa maza sun girma sun shiga harkar, su ne ma suka gina masa sabon gida kusa da shagona. Ni dai na lura tafiyarsa ta ragu a 'yan shekarun, amma wane dattijo ne tasa ba ta raguwa?

Bayan ƙaramar salla ya shigo da hantsi, babu kowa. Bai yi zancen aboki ba. Ya zaro wani abu daga aljihun babbar riga, ƙunshe a hankici, ya ajiye kan kanta.

"Tsaraba ta," in ji shi. "Tukur yak kawo man daga Ikko. Gaban mutane yam miƙo man, wai na tsuhwa, in ji shi. Duba ka gani, mi na na?"

Alhaji Tukur taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, mai sayar da atamfa a Ƙofar Taramniya. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Wannan tsarabar ma rabinta tsiya ce, rabinta ƙauna.

Na kwance hankicin. Kwali ne cike da 'yan kwalabe, an rubuta testostiron a jiki. Mu allurar maza muke ce mata. Sinadari ne da jikin namiji ke yi da kansa, shi ke fasa murya, ya fitar da gemu, ya ɗaure tsoka, ya tada sha'awa, kuma yana raguwa in shekaru sun ja. Na duba kwalin sama da ƙasa. Ba jabu ba ne, kuma likitoci kan rubuta wa wasu ita. Na ɗaura masa na'ura, jinin ya ɗan haura kaɗan, ya ce ai cikin rana ya tako.

Na ce, "Baba, da dai likita ya hwara ganin ka."

"Likita? In tai in bi layi, in hwaɗa ma sa'ar ɗiyar cikina mai rubuta kati abin da at tahe da ni? Kai ma ka san ba ta yiwuwa. Kuma tsaraba ta, Hassan. Gobe Tukur shi tambaye ni, in ce mai na aje ta ƙarƙashin gado?"

A garin nan ba a mayar da tsaraba, ba a kuma bincikar ta. Ko hular da ta yi maka kaɗan aka kawo maka, sai ka sa ta ranar Juma'a mai ita ya gani. Na yi masa allurar. Ruwan mai kauri ne kamar man gyaɗa, sai ka ɗumama kwalbar a tafin hannu, ka zaɓi babbar allura, ka tura a hankali cikin tsokar ɗuwawu. Ya gyara wandonsa ya fita, bai ko ɗingisa ba.

Makonnin farko abin ya ba ni mamaki ni kaina. Alhaji ya koma takawa zuwa masallacin Juma'a da ƙafa. Ya koma sito yana yi wa leburori tsawa, ana jin muryarsa daga bakin titi. Ya dawo aka yi ta biyu, aka yi ta uku. Daga nan jiki ya fara cika. Fuska ta yi fam, wuya ya tattaru, kowa a majalisarsa ta bayan la'asar sai barka yake masa: Alhaji hutu ya karɓe ka, Alhaji naira ta zauna. Da babbar salla takalmin da baduku ya ɗinka masa ya ƙi shiga, aka yi ta dariya, aka ce arziki har ƙafa ya sauka. Shi ma dariyar ya yi, ya aika a ɗinko mafi girma.

A sahun la'asar na fara tsorata. Ina gefensa. Da muka yi sujada na ji numfashinsa yana fita da ƙyar, da ɗan ƙara, kuma liman bai gama kabbara ba ya riga ya ɗago. Alhaji Sahabi ba mai riga liman ba ne.

Da ya zo allura ta gaba ban kunna risho ba. Na roƙe shi ya zauna kan benci, na durƙusa na ɗage ƙafar wandonsa, na danna babban yatsana a kan ƙaurinsa. Da na ɗauke, ramin ya zauna, bai taso ba. Wannan ba kitse ba ne, ruwa ne. Na ɗaura na'ura, na ga ruwan azurfa ya hau inda ban so ba. Na tambaye shi yadda yake barci.

"Zaune nika kwana, jingine ga bango. Zahi na, ba komi ba."

Na yi masa bayani iyakar yadda ɗa zai iya yi wa uba. Na ce kasalar da ya daɗe yana ji tun kafin tsarabar nan, ba raguwar mazakuta ce kaɗai ba, zuciya ce ta fara gajiya. Allurar kuma tana riƙe gishiri da ruwa a jiki, tana kaurara jini, tana ba shi ƙarfin da zai yi aikin da zuciyar ba ta iya ɗauka. Kamar a ƙara wa gajiyayyen jaki kaya ne don an ga ya miƙe. Na ce, "Baba, ka gahwarce ni, ba ni ƙara yi maka ita. Mu tai asibiti yau, ni in kai ka."

Ya sauke ƙafar wandonsa. Sannan ya ce, "Kai kana aza don abin da yara ka dariya nika yi? Wancan ma akwai, ba ni ƙaryata shi, ni mutum na. Amma ba shi na ba. Kujera sunka sawo man, Hassan. Ɗiyana. Mai hannuwa, mai taushi. Sunka aza ta bakin ƙohwa sunka ce Baba ka huta, mu mun ɗauke maka. Mutum da ranai a aza mai kujera shi riƙa kallon masu wucewa! Da allurag ga nik koma sito, niɗ ɗaga hwata da hannuna, nij ji ni na. Kai kuma ka ce in bari? In mutuwa ta, ta ishe ni tsaye."

Wallahi na ji tausayinsa har cikin raina, don gaskiya ya faɗa. Amma ban kunna rishon ba. Ya ɗauki kwalinsa ya naɗe a hankici, ya ce akwai mai yi a bayan tasha wanda ba ya tambayar kowa komai. Ya fita.

To, ku da kuka ce makaho ma zai iya, ku faɗa mini abin da za ku yi. Mutum zai kai kansa inda za a ƙarasa shi, kuma dokar farko ta sana'ata ta ce in yi shiru. 'Ya'yansa ba za su iya buɗe baki su yi masa wannan zance ba, kunya ba za ta bari ba. Hajiya matarsa ba tsarata ba ce da zan yi sallama in zauna in kawo mata irin wannan magana. In na je wa liman, na tozarta shi gaba ɗaya. Mutum ɗaya ne a duk Sakkwato da al'ada ta ba shi izinin faɗa wa Alhaji Sahabi duk abin da ya ga dama, kuma shi ne ya kawo kwalin.

Na rufe shago na hau babur sai Ƙofar Taramniya. Na sami Alhaji Tukur cikin atamfofinsa, gajere, mai yawan dariya. Da na fara magana ya ƙyalƙyale, ya ce ai ya gani, tsohon ya zama ɗan saurayi, har ya fi shi tumbi. Na bar shi ya gama. Sannan na faɗa masa ramin da yatsana ya bari, da kwanan zaune, da numfashin sujada. Dariyar ta ɗauke. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ni nik kai mai," in ji shi. "Da hannuna, gaban mutane, ina dariya."

Na ce bai sani ba ne, abin da ya rage yanzu shi ne a kai shi asibiti.

"Ba ka san Sahabi ba. In na roƙe shi, biyu-biyu za shi riƙa yi don shi ba ni haushi." Ya dubi titi. Can ya ce, "Wane wata muka ciki?"

Na ce watan cika-ciki ya kama.

"To, bar ni da shi. Kai dai ranar shara ka riga mu asibiti, ka yanki kati da sunanai."

Ku yaran yanzu da yawanku ba ku san shara ba. In cika-ciki ya zo, taubashi kan je gidan taubashinsa da tsintsiya ya ɗan share ƙofa, a ba shi abin da ya samu. A danginsu ɗan mace ne ke karɓa, wato Alhaji Tukur. In ba a ba shi ba yana da ikon ƙwace abin da hannunsa ya kai, kuma wanda ya yi fushi da taubashi a ranar, shi ne abin dariyar shekara. 'Yan kwanakin da suka rage kafin ranar ban ji daɗinsu ba. Duk motar da ta fito daga layin Alhaji da gudu sai na leƙa.

Ba na wurin da abin ya faru, amma na ji shi daga bakin mutane da yawa, kuma bai saɓa ba. Da hantsi Alhaji Sahabi na zaune ƙofar gida da baƙi, har da surukansa biyu da suka zo gaisuwa. Sai ga motar Alhaji Tukur. Ya fito da babbar riga da guntuwar tsintsiya, ya duƙa ya yi shara biyu a gaban takalmin taubashinsa, ana ta shewa. Alhaji Sahabi ya sa hannu aljihu zai sallame shi.

"Bana ba ni son nairarka," in ji Tukur. "Kowa na da ita, hal mahaukata."

Kafin a ankara ya zura hannu cikin ɗaya aljihun ya zaro ƙunshin hankicin, da ɗaya hannun kuma ya fizge hular kansa. Ya ruga mota da gudun da ba a san yana da shi ba, ya shiga baya, ya bar ƙofa buɗe, ya ɗaga hular ta taga.

"Wanda ka son hulatai shi biyo ta!"

Dattijo mai furfura, kai a buɗe, gaban surukai. Ba ya iya fushi, ba ya iya zama. Aika a ɗauko wata hular daga cikin gida kuwa amsa kaye ne, har ya mutu Tukur ba zai bar shi ya manta ba. Ya ja mayafi ya rufe kansa, ya taka yana zagin Tukur da kakannin da suka haɗa su, ya shiga motar. Direba ya riga ya san inda za shi.

Ina tsaye a barandar babban asibiti da kati a hannu lokacin da suka iso. Hular na kansa. Ya fito yana haki, ya dubi ginin, ya dubi Tukur, sannan idonsa ya sauka kaina.

"Kai na?" in ji shi.

"Ni na, Baba."

Ya wuce ni ya shiga ciki. Likitan, wani Ba'indiye mai haƙuri, ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji da baya, ya ce ba inda za shi, ruwa ya fara taruwa a huhu. Aka ba shi gado nan take. Likitan ya tambayi wanda ya yi allurar, na ce ni ne. Bai wulaƙanta ni ba. Ya ce akwai mazan da jikinsu ke bukatarta da gaske, amma sai an auna an tabbatar, an kuma duba zuciya kafin da bayan, ba a yi wa dattijo ita don kawai ya gaji. Alhaji Tukur kuwa a masan asibitin ya zubar da sauran kwalaben.

An ba shi maganin fitar da ruwa, aka hana shi gishiri. Da aka sallame shi ya zube, kumatu sun faɗa, riga ta yi masa yawa. Waɗanda suka yi ta masa barka lokacin da yake kumbura, su ne yanzu ke raɗa cewa asibiti ta cinye Alhaji. Alhali ranar ce ya fi lafiya a duk watannin nan. Ƙarfin dai ya tafi, bai dawo ba. Sito ya gagara. Kujerar nan mai hannuwa, ita ce dai.

Har yau in kun bi maganar za ku ji likitoci ba su gama daidaita baki a kanta ba. Wasu na cewa ƙarancin sinadarin nan a jikin tsoho kan zo tare da ciwon zuciya, wasu na cewa ƙara shi barkatai ne haɗarin. Ni ban isa in raba musu gardama ba. Abin da na sani shi ne, in mai furfura ya tsaya gaban kantarku yana zancen abokinsa, kada ku miƙa masa abin da ke cikin 'yar leda mai hoton doki ku koma kan waya. Ku ba shi wurin zama, ku auna shi, ku dubi ƙafarsa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a duk aikina. Alhaji bai faɗa wa kowa abin da na yi ba, ba halinsa ba ne. Amma ya daina shigowa, kuma maganinsa na wata-wata can cikin gari ake sayo masa, a wuce shagona da ke bakin layinsa. Mutane ba makafi ba ne. Zance ya zaga cewa Hassan mai kemis bakinsa ba ya riƙe magana. Dattawan nan masu sayen man zafi suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sai mata masu aiko a ba su maganin zazzaɓin yara. Ana cikin haka kuɗin mai suka ja baya, soja suka sake dawowa da tsanani, magani ya ɓace daga kasuwa, jabu ya cika gari. Na sayar da babur na zuba a shago, duk da haka rabin kantocin fanko ne. Alhaji Tukur kan zo takanas daga Ƙofar Taramniya ya zauna kan bencina ya yi ta surutu da ƙarfi don a gan shi. Allah ya jiƙansa, bai daɗe ba shi ma ya riga mu.

Rashin ciniki bai yi mini ciwo kamar wucewa ta ƙofar Alhaji ba. Kullum sai na bi ta nan, ba wata hanya. In yi sallama, ya amsa daidai abin da addini ya wajabta, ya mayar da idonsa kan titi. Ba ya tambayar gida, ba ya tambayar yara. Mutumin da ya raɗa wa ɗana na fari suna. Ban taɓa cewa na yi kuskure ba, har yau ban ce ba, amma na san abin da na karya, kuma na san yana da hakkin ya riƙe.

Haka muka yi shekaru. Ciniki ya dawo a hankali, da sababbin mutanen da ba su san labarin ba. Gaisuwar ce ba ta dawo ba.

Wata safiya ina goge kanta sai mota ta tsaya. Alhaji Sahabi ya fito da sanda, ya tsufa ƙwarai, yana jan hannun wani maƙwabcinsa, Malam Buhari, tsohon akawun gwamnati da bai daɗe da ajiye aiki ba. Fuskar Malam Buhari ta cika tam, ya take bayan takalminsa don ƙafar ba ta shiga. Alhaji ya zauna kan benci yana mayar da numfashi. Bai dube ni ba.

"Danna ƙahwatai," in ji shi.

Na durƙusa na danna. Ramin ya zauna.

"Ɗanai yak kawo mai irin tawa daga waje. Hwaɗa mai abin da kah hwaɗa man. Dut. Kuma gabanai za ka hwaɗi, ba bayanai ba."

Na faɗa masa, ban rage komai ba. Malam Buhari ya fara gardama, ya ce shi bai taɓa jin ƙarfi irin na watannin nan ba, ya ce ba zai koma ya zauna ƙofar gida kamar kayan wanki ba. Alhaji ya buga sandarsa ƙasa.

"Ni ma haka nic ce, hal na hi ka iya hwaɗi. Kujerag ga ba ta da daɗi, Buhari, kak kowa shi ruɗe ka. Kullum sai na ƙi ta. Amma bisa gare ta nika zaune anka kawo man ɗiyan jikokina niy yi musu addu'a. Tashi mu tai, likita na tashi da azahar."

Malam Buhari ya miƙe, ba don ya yarda ba, don dai ba a yi wa Alhaji Sahabi musu sau biyu. Na riƙe musu ƙofa. Alhaji ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya yana laluben ɗayan da ƙafa. Na duƙa na gyara masa shi. Ina duƙen ne na ji ya yi gyaran murya.

"Ƙaƙa gida, Hassan? Ƙaƙa yaran?"

Na buɗe baki in ce lafiya lau, muryar ta ƙi fita. Bai tafi ba. Ya dogara kan sandarsa, ya tsaya yana jira har na amsa.